Idan Sabuwar Mota Ta Fara Ciwo: Fashin Baƙi Kan Garanti

Ranar da yayana ya shigo unguwa da sabuwar motarsa, ko ledar kujerun ba a cire ba, maƙwabta suka fito ƙofar gida ana ta Allah ya sanya albarka, Allah ya tsare hanya. Shekaru ya yi yana zubi a ƙungiyar adashin ma'aikata ta wurin aikinsu, ya haɗa da rance, domin ya ce ya gaji da 'yan Kwatano, yana son motar da shi ne zai fara taka ta. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka, muna hawa gadar Kwangila a Zariya da sassafe, sai motar ta yi wata 'yar fizga, kamar an riƙo ta ta baya an saki. Ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya ce komai. Kafin mu kai Samaru, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kunnu a bayan sitiyari.

Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne mu biya wajen bakanikenmu a Sabon Gari. Tsohon nan tun Peugeot 504 ta mahaifinmu yake mana gyara, ba mu taɓa kama shi da ha'inci ba. Ya shiga motar, ya zagaya da ita ɗan nesa, ya dawo ya kashe, ya miƙa wa yaya makulli ba tare da ya ko buɗe akwatin kayan aikinsa ba.

"Alhaji, wannan ba tawa ba ce tukuna," in ji shi. "Giyabos ne, na ji shi. Amma in na kwance ƙusa ɗaya a jikinsa, na ba su hujja a kanka. Ka mayar musu da abinsu."

Da wani bakaniken ne mai son kuɗin aiki, da a ranar yayana ya yi asarar abin da ya kai miliyoyi ba tare da ya sani ba. Wannan ne ya sa na zauna na karanta littafin garantin motar daga bango zuwa bango, na kuma bi shi Kaduna fiye da sau ɗaya, har na fahimci yadda abin yake tafiya.

Mu fara da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kuɗin garanti yana cikin farashin mota. Kamfanin da ya ƙera ta ya san cewa a cikin dubban motocin da ke fita daga masana'anta dole a sami wadda wani abu ya kuɓuce a cikinta, don haka ya ƙiyasta kuɗin gyaran ya raba shi a kan kowace mota. Mai sabuwar mota ya riga ya biya wannan gyaran tun ranar da ya karɓi makulli. Idan ya je neman a gyara masa, kayansa ya je karɓa, bai kamata ya shiga ofishin yana sunkuyar da kai kamar mai neman alfarma ba.

Sai dai akwai hannaye uku a cikin lamarin. Akwai kamfanin da ya ƙera motar, wanda galibi yana Japan ko Koriya ko Sin ko Faransa, ko kuma a gida kamar Innoson da ke Nnewi. Akwai wakilinsa na ƙasa, wanda shi ne ke da izinin shigo da motocin ko harhaɗa su. Sannan akwai dillalin da ya sayar maka, mai garejin da aka amince da shi. Idan dillalin ya yi maka gyaran garanti, ba daga aljihunsa kuɗin zai fita ba, zai rubuta wa na sama da shi ne a biya shi kuɗin kaya da na aiki. Na saman kuwa ba ya biya sai ya ga shaida: hoton abin da ya lalace, bayanin da kwamfutar motar ta bayar, tarihin sabis, wani lokaci ma har da tsohon ƙarfen da aka cire. In shaidar ta yi rauni aka ƙi biya, asarar ta faɗa kan dillali. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa ma'aikacin gareji yake ta juya littafin sabis ɗinka yana neman shafin da babu hatimi. Zai kuma gane cewa kowace takarda da ya adana tana sauƙaƙa wa shi kansa dillalin ya tsaya masa.

Wa'adin garanti kuma ma'auni biyu gare shi, shekaru da kilomita, duk wanda ya riga cika shi ne ya rufe ƙofa. Wanda aka fi gani shi ne shekara 3 ko kilomita 100,000, wasu kamfanonin kan ba da shekara 5. Mutumin Zariya ya kamata ya yi wannan lissafin da kyau. Tsakaninmu da Kaduna kusan kilomita 80 ne. Wanda yake kwana a Zariya yana aiki a Kaduna yana cin kilomita 160 a rana, 800 a mako, kusan 40,000 a shekara. Nasa garantin zai ƙare a shekara biyu da rabi, yana can yana zaton saura wata shida. A duba kuma ranar da aka rubuta a matsayin farkon wa'adin. Ranar da aka miƙa maka motar ya kamata ta zama, kuma idan wurin a buɗe yake ba a cike ba, kada ka fita daga harabar sai an cike an buga hatimi.

Inda rigima take shi ne a kan mene ne "aibi". Garanti yana ɗaukar abin da ya zo da motar daga masana'anta, wato ƙarfen da aka ƙera ba daidai ba ko haɗin da aka yi da kuskure. Ba ya ɗaukar abin da dama an yi shi ne don ya cinye da amfani, irin su takalmin birki, faifan kuloci, fulogi, matatar iska da ta mai, robar goge gilashi da ƙwan fitila. Taya da batir sau da yawa nasu garantin daban ne, kuma ya fi gajarta. Ba ya kuma ɗaukar ɓarnar da ta zo daga waje, kamar karo, gobara, ambaliya ko ɓera da ya ci waya. Wannan aikin inshora ne, ita ma sai cikakkiya, domin ta naira 15,000 da aka koma biya tun Janairun 2023 wanda ka yi wa ɓarna take biya, ba ta gyara taka motar.

A takarda rabon a fili yake. A ƙasa kuwa abubuwa sukan cakuɗe. Shokazoba ta fara yoyo a wata na huɗu: rauninta ne daga masana'anta, ko ramukan hanyar cikin gari ne? Takalmin birki ya cinye a kilomita 6,000: ƙafar direba ce mai nauyi, ko birkin ne yake kamewa ba ya saki? Idan kamewa yake yi, to cinyewar takalmin alama ce ta wani aibin da garanti ya ɗauka, kuma a ganina bai kamata a ce mai mota ya sayi sabon takalmi a sallame shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka kada ka bari kalmar "wannan ai kayan amfani ne" ta rufe maka baki kafin a bincika abin da ya jawo.

Yanzu bari in zo kan namu laifin, domin a nan ne yawancinmu muke zubar da garantinmu da hannunmu. Mun taso a zamanin da masana'antar Peugeot ta Kakuri, wadda ta fara fitar da motoci a 1975, ta cika Arewa da 504 da 505. Motoci ne da bakanike zai kwance a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar, kayansu kuma na nan birjik a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Dabarun da aka koya a kansu suna nan har yau a hannun masu gyara, kuma da kyakkyawar niyya suke yin su. Za a ce maka ƙasarmu da zafi, a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye. Za a ɗura ruwan rijiya a lagireto a maimakon ruwan da kamfani ya tanada. Za a yi juye da baƙin mai mai kauri, 20W-50, a injin da littafinsa ya ce 5W-30 ko 0W-20, wai don ya fi riƙe inji. Za a ce indomin da ke cikin salansa, wato matatar da ke tace hayaƙi, ne ke shaƙe motar, a fasa a fitar. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa a ƙi karɓar kukanka ranar da inji ya buga, kuma a gaskiya suna da hujja. Injin zamani hanyoyin man da ke cikinsa sirara ne ƙwarai, mai kauri ba ya kaiwa inda ake buƙatarsa da wuri, musamman da sanyin asubar hunturu. Injin da aka cire wa tamostat kuma ba ya kai zafin da aka tsara masa, sai kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur, ya riƙa shan mai yana tara baƙi.

Sai mai wayarin. Sabuwar mota ba ta kwana uku sai an kai ta a sa mata na'urar bin sawu saboda ɓarayi, a ƙara lasifika, a canza fitilu. Buƙatar gaskiya ce, amma yanke waya ɗaya a inda bai dace ba kan rikita kwamfutar motar gaba ɗaya. A tambayi dillali tukuna, in da hali su sa da kansu, su rubuta a takarda. Haka batun mayar da mota mai amfani da iskar gas, wanda ya yi ƙarfi tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Sauƙin kuɗin mai a fili yake, ba na musu. Sai dai wanda motarsa ke cikin garanti ya nemi amincewar wakilin kamfani a rubuce kafin a taɓa ta, in ba haka ba ya sani ya saki garantin injinsa.

Fetur ma babi ne guda. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, kamfanin mai na ƙasa da kansa ya tabbatar da haka, motoci da dama suka lalace, aka shiga dogon layi a gidajen mai. Irin wannan ɓarnar garanti ba ya ɗauka, domin ba maƙerin motar ne ya jawo ta ba. Wanda ke da sabuwar mota ya haƙura da galan ɗin 'yan bumburutu ko da layi ya kai ina, ya riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da ya yarda da su, ya riƙa karɓar rasit. Ranar da aka ce masa man da yake sha ne ya kashe famfon mai, rasit ɗin ne zai nuna inda ya sha.

Abin da ya fi damuna a wannan tsarin shi ne nisa. Yawancin masu sabuwar mota a Zariya sai sun je Kaduna ko Kano, wasu har Abuja, kafin su sami garejin da aka amince da shi. Juyen baƙin mai da ba ya wuce awa ɗaya sai ya cinye wa mutum yini guda da kuɗin fetur na zuwa da dawowa. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da ke hanyar Basawa, bai rasa hannayen da za a horar a ba su izini ba. Kamfanin da ya karɓi kuɗin mutumin Zariya ya kamata ya kawo masa gyara kusa. Kafin a kai ga haka dai, shawarata ita ce a daure a je. Littafin motar ya faɗi kilomita ko watannin da za a yi sabis, kuma mu da ke cikin ƙurar hunturu da gargada jadawalin yanayi mai tsanani ne ya shafe mu, wanda ya fi kusa-kusa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, hatimi ɗaya da ya ɓace ya ishi mai neman dalili.

Duk da haka, kada a bari a tsorata mutum da cewa garantinsa gaba ɗaya ya mutu don ya canza rediyo. Hankali ma ya san sai an nuna alaƙa tsakanin abin da ka taɓa da abin da ya lalace. Lasifikar da aka ƙara ba ta da hanyar fasa giyabos. In an ce maka ta yi, ka ce a rubuta maka yadda aka yi ta yi, a sa hannu.

Akwai kuma motar da take sabuwa fil amma marainiya ce. Ita ce wadda ɗan kasuwa ya sayo daga Dubai ko Amurka ya shigo da ita da kansa, ba ta hannun wakilin kamfani ba. Ledarta na nan, ƙamshinta na nan, farashinta ya ɗan fi sauƙi. Garantin kamfanoni da yawa na yanki ne, motar da aka ƙera don wata kasuwa ba lallai wakilin Najeriya ya karɓe ta ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Kafin ka biya, ka aika wa wakilin kamfanin lambar ka tambaye shi ko tana cikin waɗanda yake ɗaukar nauyinsu. Idan mai sayarwa ya ce ai shi da kansa ya ba ka garantin shekara, to ka tambaye shi a wane gareji, da kayan wa, kuma ya rubuta.

Mu koma kan yayana. Zuwanmu na farko wurin dillalin a Kaduna an karɓe mu da mutunci. Suka sa wa motar kwamfuta, bayan awa biyu wani matashi ya fito yana murmushi ya ce, "Yallaɓai, an gama, mun goge fitilar." Yaya ya yi godiya, muka kamo hanya. Ba mu karɓi ko ƙyallen takarda ba. Kwana biyar fitilar ta dawo, fizgar ma ta ƙaru.

Kuskuren da muka yi ke nan, kuma ina so mai karatu ya tsaya a kansa. Fitilar nan saƙo ce. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai baki 16 da ake soka na'ura a ciki, motar ta faɗi abin da ke damunta da lamba, misali P0300 na nufin inji yana tsallake wuta, P0420 kuma na nuni ga indomin salansa. Lambar tana zuwa da bayanin halin da motar ke ciki lokacin da abin ya faru, gudunta da zafin injinta. Goge ta ba gyara ba ne, kuma in aka goge ba tare da an adana ba, shaidarka ce aka share. Saboda haka kada ka bar yaron da ke yawo da 'yar na'ura a bakin titi ya goge maka, kada ka cire kan batir don fitilar ta mutu, kuma a garejin kamfani ma ka ce a buga maka abin da kwamfutar ta nuna kafin a taɓa komai.

A zuwa na biyu mun shirya. Ina gefe na ɗauki bidiyon allon motar da waya lokacin da take fizgar, ana ganin gudu da kilomita da fitilar. Yaya ya rubuta a ɗan littafi ranakun da abin ya faru, da safe ne ko da rana, a hawa ne ko a shimfiɗe. Da aka zo cike katin aiki, wato takardar da ake buɗe wa kowace mota da ta shiga gareji, ma'aikacin ya rubuta "duba gaba ɗaya". Yaya ya ce a'a, a rubuta abin da ya faɗa: motar tana fizga tsakanin giya ta biyu da ta uku idan ta yi zafi, kuma wannan ne karo na biyu da aka kawo ta a kan haka. Ka faɗi abin da ka ji da abin da ka gani, ka bar musu gano cutar. In ka ce "a canza mini kaza" suka canza bai warke ba, za a ce abin da ka nema aka yi maka. Ka tabbata an sa kwanan wata da kilomita, ka karɓi kwafi lokacin ajiye motar, ka karɓi wani lokacin ɗauka mai nuna abin da aka yi, ko da an ce ba a ga komai ba. Takardar da ta ce "ba a ga matsala ba" ita ma shaida ce cewa ka kawo kuka a wannan ranar.

Ranar tana da muhimmanci saboda doka. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar gasa da kare masu saye ta tarayya, FCCPC, a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, marar aibi, wanda zai yi aikin da aka saye shi dominsa na tsawon lokacin da ya dace. Sashe na 132 ya ce cikin wata uku da karɓar kaya, idan ya gaza cika waɗannan sharuɗɗa, mai saye na iya mayar da shi ba tare da tara ba, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 145 kuma ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai sayarwa idan aka yi zargin kaya na da aibi. Wannan haƙƙin daban yake da littafin garanti, kuma rubutun "kayan da aka saya ba a mayarwa" a ƙasan rasit ba ya shafe shi. Yayana saura kwanaki kaɗan wata ukunsa ya cika, don haka a ranar ya miƙa wasiƙa mai shafi ɗaya, aka buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Daga ranar maganar ta bar hannun matashin nan ta koma teburin manaja.

Na ji masu cewa irin wannan bin diddigin rashin haƙuri ne, mutum ya ɗauki ƙaddara kawai. Mu da muka zauna a zaurukan malamai a Birnin Zariya mun san babin ciniki bai ce haka ba. Akwai zaɓin aibi, wato damar da mai saye ke da ita ta mayar da kaya idan ya gano ɓoyayyen lahanin da ya riga ciniki. Hadisin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a yaudari mai saye sananne ne: an ba shi zaɓi, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wannan aibin da aka gani ne aka yarda da shi. Wanda ya sayi tulu ya tarar da huda a gindinsa kuwa yana da magana. Amma wuƙar tana yanka ta kowane ɓangare. Wanda ya kutsa da mota cikin ruwan damina har inji ya sha, ya busar da ita ya je ya ce haka kawai ta mutu, ko wanda ya sa aka mayar masa da kilomita baya don garanti ya kai shi, ya shiga cikin "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu". Kuma galibi ana ganewa, ruwa na barin sawu a matatar iska da cikin baƙin mai.

Game da musanya mota gaba ɗaya, gara in faɗi gaskiya: abu ne mai wuya a nan. A Amurka jihohi suna da dokoki na musamman a kan sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa, jihar Connecticut ce ta fara a 1982. A Kalifoniya, misali, idan an gwada gyara abu ɗaya sau huɗu bai yi ba, ko motar ta yi sama da kwana 30 a gareji a farkon rayuwarta, doka na ɗauka cewa an ba kamfani isasshiyar dama, sai maganar musanya ko mayar da kuɗi. Mu ba mu da doka mai ƙayyade adadi irin wannan, don haka kamfani zai fara da gyara, ya sake gyara. Ina ganin majalisa ta yi sakaci a nan, duba da cewa sabuwar mota a yau ta fi kuɗin gida a unguwanni da yawa na Zariya. Abin da ke hannun mai mota shi ne ya tara katunan aikin nan. Kati huɗu a kan ciwo ɗaya magana ce da manaja ba zai iya kauce mata ba. In dillali ya gaza, a rubuta wa hedikwatar wakilin ƙasa. In nan ma shiru, a kai ƙara FCCPC, ana iya shigarwa ta shafinta na intanet tare da hotunan takardu. Kotu na nan a ƙarshe, da lauya. Wanda zuciya ta ɗebe shi zuwa Facebook kuma ya tsaya a kan abin da yake da takardarsa, kada ƙarar ɓata suna ta juyo kansa.

Abu ɗaya ba a jira a kansa: duk abin da ya shafi birki, sitiyari, warin fetur ko hayaƙin waya. A faka motar, a kira su, a nemi janwe ya ɗauke ta. Hanyar Kaduna da tireloli ba wurin gwada birki mai shakka ba ce, kuma ci gaba da tuƙa motar da ta nuna jar fitila na iya mayar da ƙaramin gyara babba, a ce kai ka ƙarasa ta.

Akwai kuma kiranye, wanda ya bambanta da garanti. Shi ne lokacin da kamfani ya gano aibi a rukunin motoci ya ce a dawo da su a gyara kyauta. Mafi girma a tarihi shi ne na jakar iskar kamfanin Takata na Japan, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum idan an yi karo, wadda sinadarin da ke hura ta yake lalacewa da zafi da laima har ta fashe da ɓarɓashin ƙarfe a fuskar direba. Ya shafi miliyoyin motocin Honda da Toyota da wasu da dama, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Gyaran kiranye bai damu da ko garantinka ya ƙare ba. Shi ya sa yake da kyau lambar wayarka ta yanzu ta kasance a wurin dillali, kuma duk zuwa sabis ka ce a duba lambar shasinka ko akwai kira a kanta.

Motar yaya dai an gano na'urar da ke sarrafa canjin giya ce ta zo da matsala. Babu ita a ƙasa, sai da aka yi odarta, aka jira ta iso Legas ta fito daga hannun kwastan. Makonni ya yi yana hawa Keke Napep daga gida zuwa bakin titi yana biyan rancen motar da ke ajiye a Kaduna. Motar aro ba kowane garanti ne ya yi alƙawarinta ba, nasa bai yi ba, amma ya roƙa a rubuce a ƙara masa kwanakin da motar ta yi a hannunsu a kan wa'adinsa, kuma bayan kai da komo aka amince. Ranar ɗauka ya ce a rubuta lambar sabuwar na'urar a katin aiki, a nuna masa tsohuwar, a kuma faɗa masa garantin da ke kan sabuwar. Bai sa hannu a takardar cewa ya gamsu ba sai da shi da makanikin kamfanin suka fita da motar ta yi zafi sosai, suka hau da ita tudu sau uku.

Takardun duk suna cikin wata jakar leda a ɗakinsa, kwafinsu kuma a wayarsa. Ya sa alama a kalanda wata guda kafin wa'adin ya cika, zai kai ta a ɗaga a duba ƙasanta, yoyon mai, robobin ƙafa, esi da duk wani ƙara da kunnensa ya saba da shi har ya daina ji, domin abin da aka rubuta a kati kafin ranar ƙarshe yana nan a wuyansu ko da kayan gyaran sun iso bayanta.